Yankan Albashi Da Aikin Wuce Lokaci A Duwala: Tsakanin Dokar Kamaru Da Al'adar Kasuwa

Duk ɗan kasuwar da ke Kye-Ossi ko Garwa-Bulai ko Kusuri ya san cewa da yawa daga cikin shinkafa da fulawa da atamfa da kayan gyaran babur da ke rumfarsa, ta tashar jiragen ruwa ta Duwala suka shigo. Kafin buhu guda ya iso hannunsa, sai da ya hau kafaɗar ɗan dako, ya kwana a sito ƙarƙashin idon maigadi, yaron shago ya ƙirga shi, sannan direba da yaron motarsa suka kwashe kwanaki a kan hanya da shi. Galibin waɗannan mutane kuwa 'yan uwanmu ne, Hausawa da Fulani da Barebari da Shuwa, wasu haifaffun New Bell, wasu kuma neman abinci ne ya kawo su daga Marwa ko Garwa ko Mubi ko Maraɗi. Akwai masu kwana a unguwannin Hausawa na New Bell suna sammako zuwa Babbar Kasuwa da Kasuwar Kongo da Mboppi, akwai kuma waɗanda tsadar haya ta tura su can gefen Cité des Palmiers, kusa da Ndokoti da masana'antun Bassa, inda suke gadi ko lodi ko tuƙi.

Koke biyu ne ba sa yankewa daga bakin waɗannan bayin Allah, musamman idan wata ya zo ƙarshe. Na farko shi ne a kira mutum karɓar albashi ya tarar an gutsure masa wani abu ba tare da shawararsa ba. Na biyu kuma shi ne a riƙe shi a wurin aiki har dare ya raba, ko a kira shi ranar hutunsa, amma idan an zo biya ko sisin kwabo ba a ƙara masa ba. A shirin da muke gabatarwa a rediyo, da wuya a buɗe layi a kan harkar aiki ba a ji ɗaya daga cikin biyun nan ba. Shi ya sa muka ga ya dace mu duba abin da dokar ƙasar Kamaru ta tanada, domin mai karatu, ko maigida ne shi ko yaro, ya san inda ya tsaya.

Hanyoyin yankan suna da yawa, kuma kowace sana'a da irin nata. Yaron shago ana yanke masa idan an yi ƙirgen kaya aka ga giɓi, ko da kuwa su huɗu ne a shagon kuma ba shi ke riƙe da mabuɗi ba. Ɗan dako ana cire masa kuɗin buhun da ya yage. Maigadi idan ya makara da rabin awa, a wasu wuraren kuɗin yini guda ake ɗauke masa. Direbobin manyan motoci da ke bin hanyar Duwala zuwa Injamena ko Bangi su ne suka fi kowa ɗanɗana kuɗarsu, domin taya idan ta fashe a wuyansu take, gas idan bai kai ba a wuyansu yake, wani lokaci ma har abin da aka karɓe musu a shingayen kan hanya sai a ce sun wuce ƙa'ida a cire daga albashi. Mutum ya yi mako uku bai ga iyalinsa ba, ya dawo a miƙa masa takarda mai cike da lissafi, a ƙarshenta ma a ce shi ake bi.

Abin da doka ta ce a kan tara

Dokar ƙwadago da ake aiki da ita a Kamaru ita ce mai lamba 92/007 ta ranar 14 ga watan Agustan 1992. Sashe na 30 na wannan doka bai yi wani kwana-kwana ba, ya haramta wa mai ba da aiki ya ci ma'aikacinsa tara. Horo guda ɗaya tak doka ta yarda da shi wanda zai iya jawo wa ma'aikaci asarar albashi, shi ne dakatarwa daga aiki na 'yan kwanaki, abin da ake kira mise à pied da Faransanci. Shi ma ɗin an gindaya masa sharuɗɗa. Kada ya wuce kwanakin aiki 8, dole a sanar da ma'aikacin a rubuce tare da faɗin laifinsa, kuma dole a sanar da sufeton ƙwadago na yankin cikin awa 48. Idan ɗaya daga cikin sharuɗɗan nan ya faɗi, dakatarwar ba ta da inganci.

A nan akwai bambancin da ya kamata a fahimta, don yakan rikita mutane. Doka ba ta tilasta wa maigida ya biya lokacin da ba a yi masa aiki ba. Wanda ya yi fashin yini guda ba tare da uzuri ba, ana iya ƙin biyansa kuɗin wannan yinin. Wanda ya makara da awa ɗaya, kuɗin awa ɗaya ne ya rasa. Amma a ce an makara da awa ɗaya a cire kuɗin yini, to ragowar da aka ɗora tara ce, ko da wane suna aka kira ta.

Sashe na 75 kuma shi ne ya ƙididdige abubuwan da aka yarda a cire daga albashi. Akwai na dole, kamar haraji da kason ma'aikaci na asusun fansho na CNPS, wanda tun 2016 ya koma kashi 4.2 cikin 100. Akwai kuɗin ƙungiyar ƙwadago ga wanda ya amince a riƙa cire masa. Akwai abin da kotu ta ba da umarni a riƙe saboda bashi. Sai kuma rancen da maigida ya ba yaronsa, wanda shi ma doka ta ce sai yaron ya sa hannu da kansa cewa ya yarda a riƙa cirewa, kuma an kai takardar wurin sufeto ya duba. Duk wata yarjejeniya da ta ba da damar cire wani abin da sashen bai lissafa ba, doka ta ce ba ta da amfani, ko da ma'aikacin ya dangwala mata yatsa. Kuma kuɗin da aka riƙe ba bisa ƙa'ida ba bashi ne a wuyan wanda ya riƙe, ana iya neman sa daga baya.

Hatta bashin da yake halas ɗin ba a yarda a kwashe shi gaba ɗaya a wata guda ba. Wata dokar firaminista ta watan Mayun 1994 ta tsara abin hawa-hawa: kashi ɗaya cikin goma na sefa 18,750 na farko, kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya biyo baya har zuwa 37,500, sai rubu'in abin da ke tsakanin 37,500 da 75,000, haka dai har sama. Idan aka buga lissafi, mai albashin sefa 60,000 abin da za a iya riƙe masa a wata bai wuce kimanin 11,250 ba. Hikimar a fili take, mutum ba ya aiki da yunwa, kuma iyalinsa ba su suka ci bashin ba.

Yaron gida ne ko ma'aikaci?

To sai dai kuma da zarar an kawo wa wasu iyayen gida wannan magana, amsar da aka saba ji ita ce ai wannan doka ta kamfanoni ce da masu sa kwat, su yaransu ba ma'aikata ba ne, 'ya'ya ne. Sai ka ji ana cewa daga ƙauye aka ɗauko shi ba ya da ko takalmi, ana ci da shi, ana tufatar da shi, idan ya yi ciwo a kai shi asibiti, idan ya isa aure a yi masa, in ya yi haƙuri kuma wata rana a sallame shi da jari.

Ba za mu ce wannan magana ba ta da tushe ba. Manyan attajirai da yawa da ake ji da su a Duwala da Yawunde da Garwa ta wannan hanya suka taso, kuma tsari ne da ya riƙe kasuwancin Hausawa tun zamanin fataucin goro, tun ba a san wani abu wai shi sufeto ba. Inda aka riƙe amana, yaron gida yakan samu abin da ya fi ƙarfin albashi. Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, tsarin nan igiya biyu gare shi, kuma a wurare da yawa ɗaya ta tsinke an bar ɗaya. Ana son yaro ya yi biyayya irin ta ɗa, ya buɗe shago da asuba ya rufe bayan isha'i, ya je aike gidan uwargida, ya wanke mota ranar Lahadi, amma idan kwali guda ya ɓace sai a tuna cewa ai albashi ake ba shi, a yanke. Sallamar da aka yi alkawari kuwa ba ta da rana. Shekara bakwai, shekara goma, sai a wayi gari an ƙulla masa sata ana saura ƙiris, ya fita da rigar wuyansa. Wanda yake yi wa yaronsa hisabi irin na kamfani, bai kamata ya ji haushi ba idan yaron ma ya nemi hakkinsa irin na kamfani. Kowa ya ci ladan kuturu, ai ya san sauran.

Ita dai doka ba ta duba sunan da aka kira mutum da shi. Sashe na farko ya ce ma'aikaci shi ne duk wanda ya sa ƙarfinsa ko basirarsa a ƙarƙashin umarnin wani domin a biya shi, namiji ne ko mace, kuma ko ɗan wace ƙasa ne. Wannan gaɓa ta ƙarshe tana da muhimmanci ga 'yan uwanmu na Najeriya da Nijar da Chadi. Haka kuma ba dole sai an rubuta takardar ɗaukar aiki ba kafin a ce akwai yarjejeniya, domin sashe na 24 ya ce ana iya tabbatar da ita ta kowace hanya. Shaidar maƙwabcin rumfa hujja ce. Saƙon da ke shigowa waya duk ƙarshen wata cewa an turo kuɗi ta Orange Money ko MTN MoMo daga lambar maigida, shi ma hujja ce, kuma yana daga cikin mafi ƙarfi a yanzu.

Abin sha'awa shi ne, a kan batun asarar kaya, malamanmu na fiƙihun Malikiyya sun riga dokar Nasara yin bayani. Sun bambanta tsakanin mai sana'ar da ke karɓar kayan jama'a ya tafi da su wurinsa, kamar tela ko marini ko maƙeri, wanda shi akan ɗora masa biyan abin da ya salwanta a hannunsa, da kuma ɗan ƙwadagon da mutum guda ya ɗauka yana aiki ƙarƙashinsa. Shi wannan na biyun amintacce ne, ba ya biyan asara sai an tabbatar ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka. Ke nan ko a gaban limamin unguwa aka kai maganar, zato kaɗai bai isa a taɓa albashin yaro ba.

Awa 40 da abin da ya hau kai

Sashe na 80 ya ƙayyade lokacin aiki a awa 40 a mako ga duk wuraren da ba na noma ba, sashe na 88 kuma ya wajabta hutun awa 24 a jere kowane mako. Wani zai yi dariya ya ce a wace kasuwar? Gaskiya ne, amma dokar ba ta hana a wuce awa 40 ba, cewa ta yi a biya. Dokar firaminista mai lamba 95/677 ta ranar 18 ga Disambar 1995 ita ta fayyace yadda za a yi. Awa 8 na farko da suka hau kai ana biyan su da ƙarin kashi 20 cikin 100, awa 8 na biyu da ƙarin kashi 30, ragowar har zuwa awa 20 a mako da ƙarin kashi 40. Aikin ƙari na ranar Lahadi kashi 40 ne, na dare kuma kashi 50. Dare a wurin doka yana farawa daga ƙarfe 10 zuwa 6 na safe.

Bari mu buga misali da mai aiki a sito, wanda albashinsa sefa 60,000 ne. Idan aka raba da awa 173 da ɗoriya da ke cikin watan aiki, awarsa ɗaya ta kama kimanin sefa 346. A ce yana shiga ƙarfe 7 na safe ya tashi 6 na yamma, da hutun awa guda na salla da cin abinci, kwana shida a mako. Awa 60 ke nan, wato 20 sun hau kai. Takwas na farko sun ba shi kimanin 3,320, takwas na biyu kimanin 3,600, huɗun ƙarshe kimanin 1,940. Jimla sefa 8,860 a mako, fiye da 35,000 a mako huɗu. Wato sama da rabin albashinsa yake bari a sito duk wata bai sani ba. Idan ya shekara uku a haka, abin ya haura miliyan guda. Ga masu lissafi da naira, sai su juya da farashin ranar su gani.

Amma kada kowa ya ɗauki wannan lissafi ya ɗora wa kansa kai tsaye, domin dokar ta 1995 ta ware wasu ayyuka da ta ce akwai zaman jira a cikinsu. Mai sayar da kaya a kanti awa 45 ake ƙirga masa a matsayin 40. Masu aikin otal da gidan abinci da 'yan aikin gida awa 54. Maigadi kuwa awa 56. To ko da hakan, maigadin da ke kama aiki 6 na yamma ya sauka 6 na safe, dare shida a mako, awa 72 ya yi, yana bin awa 16. Wanda kuma ba ya da ranar hutu sam, kamar yadda muka san da yawa a gidajen masu hali da wuraren ajiye motoci, awa 84 yake yi. Dattawa ne akasari, da carbi da 'yar rediyo da tocila, sauro na cizo ruwan Duwala na dukansu, kuma su ne ba a taɓa jin bakinsu.

Wannan awa 40 da ake gani a takarda ba kyauta aka ba da ita ba, kuma New Bell tana da hannu a tarihinta. Unguwar ta samo asali ne a 1914, lokacin da Jamusawa suka tashi mutanen Duwala daga bakin ruwa, rikicin da ya kai ga rataye Sarki Rudolf Duala Manga Bell a ranar 8 ga Agustan wannan shekara. Daga baya ta zama matattarar baƙi, har da Hausawa. A watan Satumbar 1945 ma'aikatan jirgin ƙasa suka shiga yajin aiki a kan ƙarancin albashi, talakawan New Bell suka fito suka mara musu baya, Turawa 'yan kama-wuri-zauna suka ɗauki bindigogi suka buɗe wuta. Hukuma ta amsa mutuwar mutum ƙasa da goma, amma masana tarihi na ganin adadin ya fi haka nesa ba kusa ba. Shekara bakwai bayan nan, a ranar 15 ga Disambar 1952, Faransa ta fitar da dokar ƙwadago ta ƙasashen da take mulka, wadda ta kawo makon awa 40, bayan matsin lambar ƙungiyoyin ƙwadago na Afirka. Daga ita ne dokokin Kamaru na 1967 da 1974 da na 1992 suka gaji abin.

Shi ma mafi ƙarancin albashi haka ya riƙa tafiyar hawainiya. Daga 1995 yana kan sefa 23,514 har sai bayan tarzomar tsadar rayuwa ta watan Fabrairun 2008, wadda ta faro daga yajin aikin direbobi kuma ta fi ƙamari a Duwala, sannan aka ɗaga shi zuwa 28,216. A 2014 ya koma 36,270. A watan Maris na 2023 aka raba shi gida uku, inda aka sa 45,000 ga aikin gona, 60,000 ga sauran wurare masu zaman kansu, wato har da shaguna da sito da gareji, sai kuma wani adadi na daban ga ƙananan ma'aikatan gwamnati. Ita kanta gwamnatin ba ta da bakin yi wa kowa gori, don ita ce ta zaftare albashin ma'aikatanta har sau biyu a 1993, kuma a 2022 sai da malaman makaranta suka ajiye alli a faɗin ƙasa a kan bashin shekaru da suke bin ta. Amma laifin babba ba ya wanke na ƙarami.

Ina ake kai kuka?

Hanya ta farko, kuma a ganinmu mafi alheri idan ta yiwu, ita ce ta gida. Sarkin Hausawa da limamai da shugabannin kasuwa da na 'yan mota sun sha kashe irin wannan wuta, kuma sulhun da aka yi a zaure yakan bar ƙofa a buɗe, gobe a gaisa. Matsalarsa guda ce, maigida shi ke sahun gaba a masallaci, shi ke ba da gudummawar gini, don haka sau da yawa abin da yaro ke fitowa da shi daga zaure bai wuce a ba shi haƙuri da kuɗin mota ba.

Idan ta gida ta ƙi, sai ofishin sufeton ƙwadago. Sashe na 139 ya ce ba a zuwa kotu da rikicin aiki sai an bi ta wurinsa. Ma'aikaci zai rubuta kokensa, sufeto ya aika wa ɓangarorin biyu takardar gayyata, ya zaunar da su. Idan an daidaita, sai a rubuta takardar sulhu kowa ya sa hannu, kuma da zarar shugaban kotu ya buga mata hatimi ta zama kamar hukunci, ana iya tilasta biya da ita. Idan ba a daidaita ba, sufeto zai ba da takardar rashin sulhu, da ita ake shigar da ƙara. Abin da bai wuce sefa miliyan 10 ba yana zuwa ƙaramar kotu, kamar ta Bonanjo ko ta Ndokoti, wanda ya haura kuma babbar kotu. Sashe na 138 ya ce shari'ar aiki kyauta ce, daga matakin farko har ɗaukaka ƙara.

Kyauta a takarda ke nan. A zahiri akwai kuɗin babur, akwai yinin da za a rasa ana zaman jira, akwai ɗage zama, ga kuma Faransanci da ba kowa ke ji ba. Akwai kuma tsoro iri biyu da ke daƙile mutanenmu. Na farko tsoron kora, da kuma a ɓata wa mutum suna a kasuwa ta yadda babu mai sake ɗaukarsa. A kan wannan, doka ta ce kora ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba tana jawo diyyar da ba ta gaza albashin wata uku ba, ko da yake diyya ba ta gyara suna. Na biyu tsoron takardu, ga wanda ba ya da izinin zama. Wasu iyayen gida sun san da wannan rauni, da shi suke rufe bakin yaro. Shawararmu ga duk baƙon da ya zo neman abinci ita ce ya fara gyara takardunsa kafin komai, domin mai gudun ɗan sanda ba ya iya tsayawa gaban sufeto da ƙarfin zuciya.

Wani abin da ya kamata a sani shi ne batun sa hannu. Akan kira mutum ranar sallama a miƙa masa 'yan kuɗi da takarda a ce ya sa hannu cewa ya karɓi duk hakkinsa, ba ya bin komai. Sashe na 69 ya ce irin wannan rubutu ba ya hana ma'aikaci neman ragowar abin da yake bi, haka ma karɓar albashi ba tare da ƙorafi ba ba ya nufin an yafe. Sashen ya kuma wajabta ba da takardar biyan albashi, sashe na 68 kuma ya ce albashin wata kada ya wuce kwana 8 bayan ƙarewar watan ba a biya ba.

Su ma iyayen gida suna da nasu kukan, kuma ba za mu toshe kunne ba. Akwai yaran da ke ɗibar kuɗin ciniki, akwai direbobin da ke zuƙe gas su sayar a hanya ko su ɗauki lodin da ba a sa su ba. Ga haraji, ga kwastan, ga gobarar kasuwa da ba ta sallama. Ɗan kasuwar da aka yi wa ɓarna yana da hakki, sai dai hanyar karɓarsa ce doka ta tsara: ya ja kunne a rubuce, ya dakatar bisa ƙa'ida, ya sallama idan laifin babba ne, ko ya kai ƙara a tabbatar da asarar a yanke abin da za a biya shi. Abin da aka hana shi shi ne ya zama shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, kuma kuɗin na aljihunsa. A lissafin kasuwa ma, littafi guda na sefa 500 da za a riƙa rubuta lokacin shiga da fita da abin da aka biya, kowa ya sa hannu, ya fi arha a kan takardar gayyata da za ta zo da lissafin shekara uku. Kuma yaron da aka ƙirga masa kaya a gaban idonsa ranar da ya karɓi mabuɗi, shi ne za a iya tambaya idan an ga giɓi.

Da yake masu karatunmu ƙafa ɗaya a nan ɗaya a can suke, yana da kyau a san cewa da an tsallaka iyaka hukuncin yakan ɗan sauya. A Najeriya, sashe na 5 na dokar ƙwadago ya ba da damar a cire wani abu daidai gwargwado saboda asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci, amma sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago tukuna, kuma duk abin da za a cire a wata kada ya wuce sulusin albashi. Dokar ba ta yanka adadin ƙarin da za a biya na wuce lokaci ba, ta bar shi ga yarjejeniya, sannan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. A Nijar kuwa, dokar ƙwadago ta 2012 ta tsaya a kan awa 40 kamar ta Kamaru, don uwa ɗaya ta haife su. Saboda haka direban da aka ɗauka a Duwala ya kai kaya Kusuri ko Injamena, ya riƙe cewa a Duwala zai nemi hakkinsa, ba a inda taya ta fashe ba.

Saura batun lokaci, wanda a nan ne mutane da yawa ke yin asara ba tare da sun ankara ba. Sashe na 74 ya ba da shekara uku kacal a nemi albashin da ba a biya ba ko kuɗin wuce lokaci, kuma ana fara ƙirgawa ne daga ranar da ya kamata a biya kuɗin, ba daga ranar da aka bar aiki ba, sai dai kuɗin da aka yanke ba bisa ƙa'ida ba, wanda sashe na 75 ya ce ƙirgensa ba ya tafiya muddin mutum yana cikin aikin. Ma'ana, wanda ya yi shekara takwas yana aikin wuce lokaci ba a biyansa, na shekara ukun ƙarshe kawai zai iya nema, kuma duk watan da ya ƙara yana jira, wata guda na faɗuwa daga baya. Tafiya wurin dattawa ko kai kuka da baki ba ya tsayar da wannan ƙirge. Abin da ke tsayar da shi shi ne rubutaccen koke a gaban sufeton ƙwadago, ko takardar da maigida ya amsa bashin a cikinta, ko shigar da ƙara a kotu. Wanda ya kai koken kuma ya tabbata an buga masa hatimi da kwanan wata a kan kwafinsa kafin ya bar ofishin.